Kwamfutar Tebur Mai Mutuwa In Aiki Ya Yi Nauyi: Yadda Nake Bin Sawun Matsalar

Daga watan Maris har saukar damina, ƙorafi ɗaya ne ya fi kawo mutane shagona a nan Garwa. Kwamfutar tebur tana aiki lafiya lau muddin rubutu ake yi ko duba Facebook, amma da an ɗora mata aiki mai nauyi sai ta ɗauke ɗif. Mai haɗa bidiyon biki zai ce yana tsaka da fitar da fim ɗin amarya ta mutu. Mai ɗakin wasan yara zai ce ba ta kai rabin wasan ƙwallo. Ɗalibi mai zanen gini da AutoCAD zai ce da ya juya zanen zuwa 3D shi ke nan. Kusan dukansu kafin su iso an riga an ba su shawara guda: a goge Windows a sake zubawa. Wasu har an goge, hotunan mutane sun salwanta, matsalar kuwa tana nan daram.

Wannan asarar tana damuna, don ba a nan gizo ke saƙar ba. Kwamfutar da ke ɗauke wuta lokaci guda in aiki ya yi nauyi, galibi kare kanta take yi. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, tana yanke wuta in zafi ya wuce iyakarta. Ƙaramin akwatin ƙarfen nan da wayar bango ke shiga, wanda masu gyara muke kira alim, shi ma yana yankewa in an ja abin da ya fi ƙarfinsa. Aikinka ka gano wane ne ya yanke, kuma me ya sa. Kafin komai, kwafe ayyukanka zuwa wani faifai na waje, saboda gwajin da za mu yi zai sa ta mutu da gangan, kuma kowace irin wannan mutuwa tana iya lalata fayil.

Kalli yadda take mutuwa

Mutuwar ba iri ɗaya ba ce, kuma rabin amsar a nan take. Akwai wadda komai ke tsayawa kamar an zare waya, fankoki su yi shiru, fitilu su mutu. Wannan zafi ne ko wuta. Akwai wadda allo ke yin shuɗi da rubutu, ko hoto ya daskare sauti yana ta ƙara guda. Wannan ta fi karkata ga RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ko direba, wato manhajar da ke haɗa Windows da kayan cikin injin. Akwai kuma wadda allo ke yin baƙi amma fankoki na ci gaba da gudu, wani lokaci ma su ƙara ƙarfi. A nan katin hoto, wato ɓangaren da ke aika hoto zuwa allo, nake fara zargi.

Sai ka lura da abin da ke biyo baya. In ka danna maɓalli ta ƙi tashi, sai ka kashe makunnin bayan alim ko ka zare waya na ɗan lokaci sannan ta yarda, to alim ne ya kulle kansa. In ta tashi nan take amma karo na biyu ta fi saurin mutuwa, in kuma ta huta rabin awa ta fi daɗewa, zafi ne. Lokacin ma shaida ne. Wadda ke mutuwa tsakanin azahar da la'asar amma ta yi aikin nan lafiya bayan asuba, zafi ke damunta. Wadda ke mutuwa bayan magariba, lokacin da unguwa duka ta kunna kaya, ko daidai lokacin da firji ya tashi ko mai walda na maƙwabta ya ɗora, wutar bango za ka bincika. Samu takarda ka riƙa rubuta lokaci da aikin da ake yi duk sa'ad da ta mutu.

Windows tana da ɗabi'ar sake tashi da sauri har ba ka ga shuɗin allon ba. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta sysdm.cpl, ka shiga shafin saitunan ci gaba, a sashen tashi da farfaɗowa ka cire alamar sake tashi da kanta. Na ba ka umarnin rubutawa ne don yawancin injinanmu Windows ɗinsu na Faransanci ne, wasu na Turanci, umarnin kuwa duk ɗaya ne. Haka nan eventvwr zai buɗe maka littafin abubuwan da suka faru. Za ka tarar da Kernel-Power mai lamba 41. Mutane suna ganinsa da jan tambari su tsorata, alhali abin da yake faɗa kawai shi ne an mutu ba sallama. Amfaninsa yana cikin bayaninsa: in BugcheckCode ya nuna 0, Windows ba ta samu damar rubuta komai ba, wuta ce ta yanke mata. In akwai wata lamba, shuɗin allo ne, sai ka bi ta can.

Zafi

Ga lissafin da masu kallon bidiyon ƙasashen waje ba sa yi. Ƙarfen sanyaya furosesa ba ya ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin yake amfani da ita. In wani a Turai ya nuna furosesarsa tana digiri 75 a ɗaki mai digiri 22, irin wannan injin a shago mai rufin kwano a Garwa ko Marwa ko Kuseri, ranar da ɗakin ya kai 42, zai doshi 95. Ba abin da ya lalace, ɗakin ne ya ƙara digiri 20. Yawancin furosesoshin Intel iyakarsu digiri 100 ne, na AMD Ryzen 90 ko 95. In sun kai nan sukan fara rage gudu da kansu, in hakan bai isa ba su yanke wuta. Wato mu tazarar da ke tsakaninmu da iyaka kaɗan ce tun kafin ƙura ta sa hannu. Ƙurar hunturu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu take shiga ta kwanta, zafin Maris ya zo ya tarar da ita.

Gwaji mafi sauƙi ba ya buƙatar manhaja. Cire murfin gefe, ka kawo fankar tebur ka saita ta tana hura cikin injin, ka sake ɗora aikin nan da ke kashe ta. In ta wuce inda ta saba mutuwa, ka kama ɓarawon.

In kana son lambobi, sauke HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin kayan cikin inji, kyauta ne. Buɗe sashen ma'aunai, ka kunna rubutawa cikin fayil, domin bayan ta mutu ka iya buɗe fayil ɗin ka ga layukan ƙarshe. Sannan ka matsa wa kowane ɓangare shi kaɗai. Prime95 yana matsa wa furosesa. FurMark yana matsa wa katin hoto. OCCT yana da gwajin da ke haɗa su biyun a lokaci guda. Minti 10 zuwa 15 sun isa kowanne, kuma kada ka tashi daga wurin. In ka ji ƙaurin roba, zare waya. In furosesa ita kaɗai ta haura 95 cikin ƙanƙanin lokaci, sanyayarta ce. In katin hoto ya wuce 85 yana ta hawa, shi ne. In kowanne ya ci gwajinsa shi kaɗai, zafi bai wuce kima ba, amma da ka haɗa su ta ɗauke, to ka tsallaka zuwa maganar alim.

Wajen sharewa, zare waya, ka danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don sauran wuta ta fita, ka fitar da injin waje. Yi amfani da abin hura iska na lantarki da burushin fenti mai laushi. Riƙe kowace fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Kada ka kai wa mai faci ya hura da injin taya, iskarsa tana zuwa da ruwa da mai. Ƙurar da ke kashe inji ba wadda kake gani a sama ba ce, tana tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen, ta dunƙule ta toshe hanyar iska gaba ɗaya. Sai ka kwance fankar za ka gan ta. Haka take a katin hoto.

Daga nan ka taɓa ƙarfen sanyaya furosesa ka ɗan girgiza shi. Bai kamata ya motsa ba. Na Intel na asali ƙafafun roba huɗu gare shi, kuma injin da ya sha hanya daga Duwala zuwa Ngaundere, daga can mota ta ɗauko shi zuwa nan, sau da yawa ƙafa ɗaya ta ɓalle ko ta karye. Ƙafa ɗaya ta isa ta sa furosesa ta kai 100 cikin daƙiƙu. Cire ƙarfen ka duba man da ke tsakani. In ya bushe ya farfashe, goge shi da alkol mai digiri 90 na kantin magani da ƙyalle mai tsabta, ka ɗiga sabo a tsakiya gwargwadon ƙwayar waken suya, ka mayar da ƙarfen kana ɗaure kusurwa da kishiyarta. Ban da man goge baki, ban da giris ɗin babur. Na ga an sa duka biyun, kuma kwana kaɗan suke bushewa ko su narke. In AMD ce mai ƙafafu a jikinta, bari injin ya ɗan yi ɗumi, ka murɗa ƙarfen hagu da dama kafin ka ɗaga, in ba haka ba zai fizgo furosesar ƙafafun su lanƙwashe. In ƙarfen sabo ne, tabbatar an ɓare ledar da ke ƙasansa. In kuma abin sanyayar mai ruwa ne, famfonsa na iya mutuwa fanka na ci gaba da juyawa. Alamarsa zafi ya yi tsalle nan da nan.

Inda injin ke zaune ma magana ce. Ɗauke shi daga ƙasa. Fito da shi daga cikin durowar tebur mai ƙofa. Bar masa tazarar tafin hannu ko fiye daga bango. Mayafin da ake rufa masa saboda ƙura yana da kyau in an kashe, amma a cire shi gaba ɗaya kafin a kunna. Iska ta shiga ta gaba ta fita ta baya, don haka duba kada a ce an juya fankar baya tana turo zafi ciki.

Alim

A nan mutane suka fi ƙin yarda, saboda an rubuta 500W da manyan baƙaƙe a jikinsa. Kada ka tsaya a manyan baƙaƙen. A takardar da ke manne akwai ɗan jadawali, nemi inda aka rubuta +12V ka ga amfiya nawa ne a ƙasansa. Furosesa da katin hoto daga layin bolt 12 suke sha. In an rubuta 18A, ninka 12 sau 18, ka samu wat 216. Wannan shi ne ƙarfin da kake da shi a inda ake buƙata. Yanzu ɗora furosesa mai wat 65 da kati irin RX 580 mai wat 185: an kai 250 tun ba a lissafa faifai da fankoki ba. Rubutu da Facebook ba za su taɓa nuna wannan giɓin ba, don a lokacin katin kusan barci yake. Ana buɗe wasa ya farka ya nemi rabonsa, alim ya yanke. Katunan zamani kuma sukan yi wata irin fizga ta ƙiftawar ido da ta wuce lambar da aka rubuta musu nesa, ita kaɗai tana iya tayar da kariyar alim mai rauni.

Ka haɗa da cewa alim yana tsufa, zafi kuma shi ke tsufar da shi. Kondansoshin da ke ciki, wato 'yan gwangwanin da ke riƙe wuta, suna da ruwa a jikinsu, kuma ƙa'idar da masu lantarki suka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage musu kwana da rabi. Injin da ya yi shekaru a wani ofis a Turai kafin a saka shi a kwantena, ya zo nan ya ƙara bazara biyu ko uku, ba zai ba da abin da aka rubuta masa ba. Shi ya sa za ka ji mutum yana rantsuwa bai canja komai ba, bara lafiya take. Gaskiya ya faɗa, alim ɗin ne ya gaji. Ni a ƙasar nan ba na son aiki mafi nauyi ya wuce kashi biyu cikin uku na abin da layin 12 ke bayarwa.

Ƙananan injinan ofis na Dell OptiPlex da HP da Lenovo, waɗanda suka cika kasuwanninmu, injina ne masu ƙarko, amma alim ɗin siraransu yakan tsaya ne tsakanin wat 180 zuwa 255, kuma da yawansu bakin wayarsu na kamfanin ne, ba ya karɓar alim na kasuwa kai tsaye. An yi su don aikin ofis. In za ka sa musu kati, tsaya a wanda ba ya neman ƙarin waya: GT 1030 wat 30 yake ci, GTX 1050 Ti da GTX 1650 wajen 75, wanda shi ne iyakar abin da ramin katin ke bayarwa. Katin da ke da baki mai ƙafa 6 yana neman ƙarin wat 75, mai ƙafa 8 ƙarin 150. Akwai 'yar wayar da ake sayarwa mai juya bakin SATA, wato bakin wayar da ke ba faifai wuta, zuwa ƙafa 6 ko 8. Ina roƙonka ka guje ta. Bakin SATA wat 54 aka yi shi ya ɗauka a layin 12, in ka ja 150 ta cikinsa narkewa zai yi, kuma gobara a shago mai takardu da labule ba ƙaramin abu ba ce.

Da injin a kashe, zare manyan wayoyin ɗaya bayan ɗaya: mai ƙafa 24, mai ƙafa 4 ko 8 da ke kusa da furosesa, da na katin hoto. Duba cikin bakin. In robar ta yi ruwan ƙasa ko ta narke, wurin yana zafi don bai kama sosai ba. Mayar da kowacce har ka ji ta yi ƙas. Duba fankar alim ɗin ma. Wasu sababbi ba sa juyawa sai aiki ya yi nauyi, amma in ana tsaka da gwaji ba ta motsi kuma jikinsa ya yi zafi, ta mutu. Haska tocila ta ragar. Tsaka da kyankyaso suna son ɗumin wurin.

In kana da mitar hannu ta auna bolt, saita ta a DC 20, ka sa baƙin tsinke a baƙar waya, jan tsinke a ruwan ɗorawa, a ɗaya daga cikin bakunan da ba a amfani da su. Ruwan ɗorawa bolt 12 ce, ja 5, ruwan lemo 3.3. Ƙa'idar ATX, wadda ake ƙera alim a kanta, ta yarda da kaucewar kashi 5 cikin 100, wato layin 12 ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, layin 5 tsakanin 4.75 da 5.25. Auna yayin da gwajin ke gudana, ba lokacin da injin ke hutawa ba. In ka ga 12 tana gangarowa 11.3 da an ɗora aiki, magana ta ƙare. Amma in mita ta nuna daidai, hakan bai wanke alim ba, domin faɗuwar da ke kashe inji takan fi idon mita sauri. Haka gwajin nan da ake haɗa koriyar waya da baƙa a ga fanka ta juya: abin da ya nuna kawai alim yana tashi, bai ce komai game da ɗaukar kaya ba. Gwajin da nake yarda da shi ɗaya ne: a aro alim mai kyau wanda ya fi ƙarfi, a jona, a sake ɗora aikin. Mai gyara na kirki zai yi maka wannan kafin ya ce ka saya.

Kada ka buɗe cikin alim. Babban kondansan da ke ciki yana riƙe sama da bolt 300, kuma yana iya riƙewa bayan an zare waya. In za ka sayi wani, ɗaga shi a hannu. Wanda ba shi da nauyi an rage masa kayan ciki. Tambarin 80 Plus yana magana ne kan rashin ɓarnar wuta, ba shaidar ƙarko ba ne, ko da yake wanda ba shi da ko wannan na fi jin tsoronsa. In na hannu ne daga Amurka mai ɗan jan makunni a baya, tabbatar yana kan 230 kafin ka jona, in yana kan 115 fashewa zai yi nan take. In mai wayoyin cirewa ne, kada ka haɗa shi da wayoyin wani alim ko da bakin ya shiga, tsarin ƙafafun ya bambanta kuma yana ƙona faifai.

Wutar bango

Wutarmu bolt 220 ce a takarda. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, ruwanta kuma yana ja baya ne a ƙarshen rani, daidai lokacin da kowa ya kunna fanka da na'urar sanyi. 'Yan'uwanmu na Njamena su ma da yawa janareta ko sola ke riƙe da shagunansu. Saboda haka injin da ba shi da laifin komai yana iya mutuwa don abin da ke shigowa ta bango bai kai ba. Alim na zamani da aka rubuta masa 100 zuwa 240 yana jure ƙarancin wuta. Tsofaffi da masu araha kuwa in wuta ta gangara ƙasa da 180 ga aiki mai nauyi a kansu, sai su saki.

Fara da cire duk abin da ke tsakanin injin da bango. Jona shi kai tsaye a soket mai kyau ka gwada. Doguwar wayar nan mai bakuna da yawa ta kasuwa, cikinta siririn ƙarfe ne. In ka taɓa kan filogin bayan rabin awa ka ji zafi, jefar da ita. Na'urar kwafi da firinta mai leza suna jan ɗaruruwan wat lokaci guda duk sa'ad da suke ɗumama, kada su haɗa waya ɗaya da kwamfuta. Masu shagon buga takardu su lura ko mutuwar tana zuwa ne daidai lokacin da aka tura bugu.

Ondilar, wato UPS, akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, wanda aka saya don kariya, shi kansa yakan zama mai laifin. Lambar da ke jikinsa VA ce, ba wat ba. Mai 650VA abin da yake iya ɗauka wat 360 zuwa 390 ne. In injinka da allonsa sun kai 400 a tsakiyar wasa, zai yi kuka ya yanke, ko ya jira wuta ta ɗan girgiza ya kasa karɓa. Batirinsa mai bolt 12 an yi shi ne don ɗaki mai digiri 25, a zafinmu ba ya daɗewa, kuma ondilar mai mataccen batiri ya fi rashinsa illa, domin duk ƙiftawar wuta sai ya kashe maka inji. Gwada shi: kunna kwamfuta ba tare da wani aiki mai muhimmanci a buɗe ba, ka kashe soket ɗin bango. In ta mutu nan take, batirin ya gama. Akwai kuma rashin jituwa tsakanin wasu alim na zamani da ondilar ko inbata, wato na'urar juya wutar batiri zuwa irin ta bango, masu araha waɗanda wutarsu ba ta fita sumul. Alamarsa, a kan sola ko batiri injin ya mutu, a kan wutar gari lafiya. Maganinsa inbata mai tsarkakakkiyar wuta. Ƙaramin janareta shi ma in firji ya tashi a kansa yakan durƙusa na ɗan lokaci. Ƙa'ida ta ce alim ya iya riƙe inji wajen kashi 16 cikin 1000 na daƙiƙa in wuta ta ƙifta, wanda ya tsufa kuwa ba ya kaiwa.

In har yanzu kana shakka, ɗauki injin ka kai shi gidan wani a wata unguwa, ka yi masa gwajin nan a can. In ya ci, matsalar tana bangonka, sai ka nemi mai gyaran wuta ya duba wayoyin ɗakin da na ƙasa, ka kuma sa regilatar, wato na'urar daidaita wuta, wanda ƙarfinsa ya ninka abin da kake ja.

Sauran da ba su cika zama su ne ba

In zafi daidai, alim an musanya, bango an wanke shi, sai ka shiga BIOS, wato saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka mayar da komai yadda kamfani ya saita, ka kashe XMP, wato saitin ƙara wa RAM gudu, da duk wani ƙarin gudu da mai injin na farko ya sa. Cire sandunan RAM, ka goge bakin zinaren da abin goge fensir, ka mayar. Sa MemTest86, manhajar gwada RAM, a filashin USB ka bar shi ya kwana yana zagayawa. Kuskure ko ɗaya ne ya isa, sai ka gwada sandunan ɗai-ɗai ka fitar da marar lafiyar. In baƙin allo ne da fankoki na gudu, cire direban katin da manhajar DDU ka sa sabo daga shafin Nvidia ko AMD, in bai daina ba ka aro wani kati. Katunan hannu da yawa sun yi aikin haƙar kuɗin intanet dare da rana kafin Ethereum ta daina wannan tsarin a Satumban 2022, irinsu sukan buƙaci sabon mai da sababbin fankoki. Duba babban allon da tocila, musamman kewayen furosesa: kondansan da kansa ya kumbura ko ya yi tsatsa alama ce allon ya gaji. Zare 'yar wayar maɓallin Reset daga allon ma, ƙura takan sa ya riƙa danna kansa.

Duk abin da za ka canja, canja ɗaya ka gwada kafin ka taɓa na biyu. In ka share ƙura, ka canja alim, ka sake direba a zama ɗaya, ko ta warke ba ka san abin da ya warkar da ita ba, kuma wataƙila ka kashe kuɗin da bai kamata ba.

In aikin mutane yana hannunka, biki ya wuce ana jiran bidiyo, ga abin da zai fitar da kai kafin a yi gyaran gaske. A manhajar MSI Afterburner rage iyakar wutar katin zuwa kashi 70. A saitin wutar Windows, wanda powercfg.cpl ke buɗewa, mayar da iyakar furosesa 99 maimakon 100. A injina da yawa wannan yana hana ta tsallen gudun da ke kawo zafi. Bar murfin gefe a buɗe da fanka a kai, ka fitar da bidiyon da sassafe kafin rana ta ɗaga. Zai ɗauki lokaci fiye da da, amma zai fita.

Bayan gyara, kada ka yarda da gwajin safe ko na ɗakin mai gyara mai na'urar sanyi. Mayar da murfin, ka ajiye injin a inda zai zauna, ka jona shi a soket ɗinsa na kullum, ka ɗora masa ainihin aikin da ke kashe shi da misalin ƙarfe biyu na rana na awa guda, HWiNFO yana rubutawa. Ka sake yin haka bayan magariba. Ajiye fayil ɗin lambobin, in Fabrairu ta zo ka share ƙura ka sake aunawa ka kwatanta.